Kada Mu Yar da Namu



Yau batunmu ɗan'uwanmu ne da ƙwaya ta raba da gida. Da asuba za ka gan shi a bakin tasha, kwance kan kwali, ya yi matashi da takalminsa.

A 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana kama dillalai. Amma kamu ba magani ba ne.

Ɗan'uwanmu yana buƙatar likita. Yana buƙatar makwanci. Yana buƙatar sana'a.

Mai unguwa, liman, iyaye, ku nemo shi. Ku kai shi asibiti, ba gidan mari ba.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mu kwana lafiya.