Murar Bununi: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Garbadu

 Maganar da aka aiko ni da ita ƙarama ce a baki, amma tana cin kuɗin talakawanku kowace shekara, wani lokaci har ta ci idon yaro.

Kun san lokacin da gero ke bununi, wajen watan Agusta, sa'an nan dawa ta biyo baya, kyasuwa da gamba kuma su yi fure da kaka. Garin nan mai ruwan ɗorawa da ke zuba a kafaɗar manomi in ya kutsa gona da hantsi, shi ke sa hatsi ya yi ƙwaya, iska kuwa ke yawo da shi. Ga yawancin mutane ba ya yin kome. Amma akwai waɗanda jikinsu ke ɗaukarsa tamkar abokin gāba: da ya shiga hanci sai jiki ya saki wani abu da likitoci ke kira histamin, mutum ya yi ta atishawa, majina na zuba kamar ruwa, ido ya kaɗa ya yi ja yana ƙaiƙayi. Sau da yawa abin gādo ne. Wani likita a Ingila, Charles Blackley, shi ya tabbatar da asalinsa a 1873, bayan ya yi ta shaƙar garin furanni da kansa yana rubuta abin da ya same shi. Lalle ya yi ƙarfin hali.

A ƙasarmu kuma, tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, mutanen Mafara da Bakura da Maradun suna noman rani, watau masara da ciyawar bakin magudanai na fure har da rani. Don haka wasu sukan sha wahalar nan sau biyu a shekara, ga hazon hunturu da ƙaiƙayin sussuka suna fama hancin da bai warke ba.

To, ga abin da ya shafe ku. Idan dagaci ya aiko cewa mura da jan ido sun shigo gari, kada malam ya yi hanzarin rubuta annoba, kada kuma ya yi banza da saƙon. Ya tambaya: da zazzaɓi? Murar bununi ba ta zuwa da shi, ba a kuma ɗaukarta daga wani, kuma mutanen bara su ne na bana, a wata guda. Jan ido mai kwantsa da ke bin gida kaf, wannan Afolo ne, shi kam yana yaɗuwa. Zazzaɓi mai zafi da ƙagewar wuya kuwa, musamman da bazara, a ɗauka sanƙarau ne, a kai rahoto ran nan, ko da dare ne.

Mai murar bununi ya wanke fuska da ruwa mai tsabta in ya komo daga gona, ya sāke riga, ya rufe hanci da ƙyalle. Allura da kafso asarar kuɗi ce, gama babu ƙwayar cutar da za su kashe. Piriton na kwantar da ita, amma yana sa barci, saboda haka mai tuƙa mota ko babur ya nemi setirizin wurin malamin asibiti, shi bai kai wancan sa gyangyaɗi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ido. Akwai maganin ɗigawa mai sitiroyid da akan saya ba da izinin likita ba. Yana kashe ƙaiƙayi nan da nan, uwa ta ji daɗi ta yi ta ɗiga wa yaro wata da watanni, alhali yana iya ta da ƙarfin ruwan ido har jijiyar gani ta mutu, ita kuwa ba ta dawowa. Ina roƙonku, ranku ya daɗe, ku sa a yi shela a kasuwa da masallatan Juma'a kafin gero ya fid da kai. A faɗa kuma cewa wanda ƙirjinsa ke shaƙewa, numfashi na fita da ƙara, har ya kasa gama magana, fuka ce ta taso, a kai shi asibitin Talata Mafara ko mafi kusa, kada a jira gari ya waye.