Awon Furosesa: Darasin Pentium 4 da Core 2 Duo



Tambayar farko da mai sayen kwamfutar tebur yake yi ita ce gigahaz nawa furosesarta take yi. Abin da nake son tabbatarwa a yau shi ne, wannan lambar ba ta isa a yanke hukunci tsakanin sabuwar furosesa da tsohuwa ba, haka ma shekarar fitowa. Ma'auni na gaskiya shi ne lokacin da furosesa ta ɗauka kafin ta gama wani aiki takamaimai, da wutar da ta sha wajen yin sa.

Hujjata tana cikin tarihin kamfanin Intel. A shekarar 2000 ya fito da Pentium 4, wadda aka ƙera ta domin saurin bugun agogo, har aka yi hasashen tsarinta zai kai gigahaz 10. A 3.8 ta tsaya, kuma a 2004 kamfanin ya soke samfurin gigahaz 4 da ya yi alkawari. A watan Yulin 2006 sai ga Core 2 Duo. Samfurinta E6600 gigahaz 2.4 kawai yake yi, an ƙiyasta zafinsa a kan wat 65, kuɗinsa a lokacin dala 316. A gefe guda akwai Pentium Extreme Edition 965 mai gigahaz 3.73 da wat 130, wadda ake sayarwa dala 999 a lokacin. Da aka gwada su a wasanni da sarrafa bidiyo da ayyukan ofis, mai ƙaramar lambar ce ta yi gaba a mafi yawansu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gigahaz yawan taku ne, ba faɗin taku ba, kuma dogo mai tafiya a natse yakan riga gajere mai sassarfa isa gari. Domin ta yi saurin bugu, an yayyanka aikin Pentium 4 samfurin Prescott zuwa matakai 31 a jere. Furosesa kan yi hasashen inda manhaja za ta nufa, ta fara aiki tun kafin ta tabbatar. Idan hasashen ya kuskure, sai ta zubar da duk abin da ke kan layin ta sake daga farko. Core 2 matakai 14 gare ta, don haka asararta kaɗan ce, kuma tana iya ɗaukar umarni huɗu a bugu guda. Sannan ga matsalar wuta: ƙarin sauri yana bukatar ƙarin ƙarfin lantarki, zafi kuwa yana ninkuwa fiye da saurin da aka samu. Ƙa'idar da Robert Dennard na IBM ya bayyana a 1974, cewa ƙanƙantar da taransisto na rage shan wutarsa daidai gwargwado, ta daina aiki a tsakiyar shekarun 2000.

Wani zai ce ai Core 2 Duo cibiyoyin aiki biyu gare ta, shi ya sa. Amsa ita ce Extreme Edition 965 ma biyu gare ta, saboda haka bambancin daga abin da kowace cibiya ke gamawa a bugu ɗaya ya fito. Yawan cibiyoyi ma yana da iyaka. Tun 1967 Gene Amdahl ya nuna cewa sashen aikin da ba ya rabuwa shi ke ƙayyade ribar. Idan rabin aiki dole a yi shi bi da bi, ko cibiya dubu aka zuba, saurin ba zai wuce ninki biyu ba.

Wani kuma zai ce, to ashe sabuwa ce kullum a gaba, sai a sayi ta bana a huta. Nan ma tarihi bai goyi baya ba. Core i7-2600K ta 2011 cibiya huɗu gare ta, i7-7700K ta 2017 ma huɗu, kuma ƙarin da ake samu daga samfuri zuwa samfuri a tsakanin nan ɗan kaɗan ne. Sai da kamfanin AMD ya fito da Ryzen 7 mai cibiya takwas a watan Maris na 2017, sannan Intel ya kawo mai shida a wannan jerin a watan Oktoba. Tazarar shekara shida a nan ba ta girgiza kasuwa kamar yadda tazarar 'yan watanni tsakanin Extreme Edition 965 da Core 2 Duo ta yi a 2006 ba. Bugu da ƙari, sau da yawa nawar tsohuwar kwamfuta daga faifan ajiya mai juyawa take, kuma sauya shi da SSD ya fi sauya furosesa amfani ga mai rubutu da lissafin ofis.

Duk da haka tsufa yana da nasa farashin, kuma wannan ya shafi makarantu da ofisoshinmu da suka dogara da kwamfutoci na hannu. Windows 11 ba ta amince da yawancin furosesocin Intel da suka girmi zubi na takwas ba, kuma Microsoft ya tsayar da tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Inda ake aiki da janareta ko sola kuwa, kowane wat kuɗi ne. Saboda haka kafin hukuma ta kashe kuɗin jama'a, ta ɗora ainihin aikinta a kan sabuwar kwamfutar da tsohuwar, ta auna lokaci, ta auna wuta, ta duba shekarun tallafin da suka rage, sannan ta raba da farashi.