Jawabi Kan Yawan Kitse A Cikin Jini

Hakimai, da ku malamai, ina jan hankalinku ga yawan kitsen jini, watau kolestarol. Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2008, cikin manya 100 a duniya 39 suna da shi, a Afirka kuwa 23. Ba a jin zafinsa, har ya toshe jijiya, zuciya ta tsaya ko rabin jiki ya shanye. Masu kawo shi su ne cin kitse da man shanu, da ƙiba, da yawan zama, da tsufa, da gado. Aikinku kuwa na zama ne. Saboda haka ku je asibiti a auna jininku, ku rage maiƙo, ku riƙa tattaki, ku kuma sanar da talakawa. Allah ya ba mu lafiya, amin.