Mu Ne Muka Canja, Ba Ita Ba: Jawabin Ma'ajiya a Taron Cikar Ƙungiya Shekara 10

 

An ce in yi magana kan karatun manya, tunda ni ce na shiga aji da furfura. Amma ku yi mini haƙuri, da wani laifi nawa zan fara.

Bara, a taron adashi, wata 'yar'uwarmu da aure ya kawo ta Hotoro daga Sakkwato ta ce mini, "Yaya, ki zamna." Na yi dariya, wasunku suka taya ni. Tun daga ranar ba ta ƙara buɗe baki a taro ba, sai dai ta aiko da zubinta. Ita ce kuwa ta fi mu iya lissafi. Wata uku muna rigima kan littafin bashi tana kallonmu.

Da na ba 'yata labari, wadda ke karatun Hausa a Jami'ar Bayero, sai ta ce, "Umma, ai nata ne na asali." Na ce ke tafi can. Ta ɗauko littafinta ta zaunar da ni kamar ɗaliba. Wai wani Bajamushe, Klingenheben (sai da na yi kwana biyu kafin na iya faɗin sunan), shi ya bayyana abin wajen 1928. Kakanninmu "zamna" suke cewa, da "sabro", da "amre". Mu a Kano, duk inda b ko m ta tsaya a ƙarshen gaɓa a irin waɗannan kalmomi, bakinmu ya sassauta ta ta koma u: zauna, sauro, aure. Haka Abdu ya zama Audu. Sakkwatawa suka riƙe tsohon. Akwai ma wanda ya shafe mu duka, k ta koma u. Ba kwa ji muna cewa talaka, amma talauci? Wallahi shekara arba'in ina faɗa ban taɓa lura ba.

To, ashe ni mai dariyar, ni ce na canja.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na Turanci. Da muka fara shi a aji, kunya ta hana ni karatu da ƙarfi, don yarana na tsokanata wai ina juya p da f. 'Yar tawa ta ce ba daƙiƙanci ba ne, Hausa ce ba ta raba su biyu ba, shi ya sa muka ce fensir da fakiti. Kuma ba ma son baƙaƙe biyu a cunkushe a farkon kalma, sai mun sa musu wasali a tsakani: burodi, fulawa, sikeli, furamare. Duk kayan da nake sayarwa a kasuwar Tarauni haka suka shigo bakinmu. Da malamarmu ta nuna mini inda zan sa leɓe, a haɗa biyun ko a ɗora haƙori a kan na ƙasa, cikin mako guda na kama. Ban da ranar da na gaji, nan kam sai a hankali.

Hukumar ilimin manya ta Jihar Kano tun 1980 take, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Ni sai da na aurar da ƙannena duka sannan na je. Yanzu da hannuna nake rubuta bashi, na kuma san "kaya" da "ƙaya" ƙugiya ce ta raba su.

Roƙona biyu ne. Wadda take son shiga aji ta same ni bayan an ci abinci, ni zan raka ta ranar farko. Ke kuma ƙanwata, ga ki can baya kina sunkuyar da kai, ki yafe mini a gaban kowa. Littafin bashin yana jakata, mako mai zuwa ki zo ki zamna mu duba shi tare.