Gangar da Muka Ajiye a Garin Kaka



An nemi in yi bayanin aikin sa-kai da na yi a ƙetaren iyaka bayan na ajiye alli. Kowa ya san a shekarar 2019 ta'asar 'yan bindiga ta kori dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Daga baya Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye wasunsu daga bakin iyaka zuwa ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori. A Garin Kaka na zauna da 'ya'yansu, ina koya musu waƙa da kiɗa.

Ranar farko na yi wauta. Na isa da ganga, ina doka ta sai yara suka watse, wasu suka kwanta rub da ciki. Kunnen da ya saba da harbi ba ya tsayawa tantance ƙara. Dole muka jingine ganga muka koma tafi da sarewar kara, sannan kiɗan ƙwarya. Mun fi wata guda kafin wani yaro ya ɗauko gangar da kansa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, akwai 'yan mata masu shekara goma da ba su san waƙar gaɗa ko ɗaya ba. Ina za su san ta? Tun da suka yi wayo ba a fita dandali da dare a ƙauyukansu. Ni kuwa namiji ne, abin da na riƙe bai taka kara ya karya ba. Sai wasu tsofaffin mata daga cikin masu hijirar suka karɓi ragamar, suna bayarwa yara na amshi, ni ina gefe da littafi ina rubutawa. Wata yarinya da kakarta ta ce ta daina magana tun daren da aka ƙone garinsu, a cikin amshin nan muka fara jin muryarta.

Na san akwai masu cewa wanda ke neman abin kai wa baki ba ya bukatar kiɗa, wasu kuma na ganin aikin maroƙa ne. Ban raina hatsi da magani ba, su ne gaba. Amma marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, maraya ne ya tashi, kuma da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya ci abinci, ya yi wa ƙasa gargaɗi.

Roƙona ga ƙungiya bai da yawa. A saya mana kalangu biyu da shantuna, a ɗauki nauyin buga waƙoƙin da na rubuto, a kuma samo malamai biyu, musamman mata, da za su ba da hutunsu na ƙarshen zango. Duk mai niyya ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.

Wassalamu alaikum.