Yaƙin da Ƙasashen Waje ke Yi da 'Yan Ta'adda: Da Wane Mudu Za Mu Auna Shi?

Jawabin da aka gabatar wa wakilan ikilisiyoyin karkara a taron bita na sashen agaji da raya karkara, a Kwalkwalawa, Sakkwato

 

Kun saba jin mu muna maganar rijiya da irin shuka da bankin hatsi da rigakafin yara. Yau maganar ta yaƙi ce, kuma ku ne kuka kawo ta. Tun daren Kirsimeti na 2025, da Amurka ta harba makamai masu linzami cikin jihar nan tamu, tana cewa 'yan ta'adda ta nufa, kusan duk ƙauyen da muka shiga sai an tambaye mu: “Malam, wannan abu daidai ne? Murna za mu yi, ko tsoro za mu ji?”

Mun san inda tambayar ta fito. Ba mu manta da kisan ɗalibar nan Deborah Samuel a cikin garin Sakkwato a watan Mayu na 2022 ba. Akwai waɗanda ke zaune a nan da suka sayar da shanun huɗa don su fanshi ɗan'uwa daga daji. Wanda ya daɗe yana kuka, in ya ji wani babba daga nesa ya ambaci sunansa, dole zuciyarsa ta motsa. Amma manomi ba ya yaba iri sai ya ga damin da ya ba shi. Saboda haka bari mu duba wani yaƙi irin wannan da aka riga aka girbe, wato yaƙin Afganistan.

Mudu huɗu na awo

Ikilisiya ta daɗe tana tunani a kan yaƙi. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya koyar cewa hukuma tana iya ɗaukar makami don ta kare marar ƙarfi, amma da baƙin ciki, kuma da nufin a dawo da salama. Malaman da suka biyo bayansa, irin su Toma Akwinas, sun tsara sharuɗɗan. Akwai kuma 'yan'uwa, kamar ikilisiyar EYN ta arewa maso gabas, da koyarwarsu ta hana ɗaukar makami ko kaɗan, ko da yake suna cikin waɗanda Boko Haram ta fi yi wa ɓarna. Muna girmama su ƙwarai. Don sauƙin tunawa, mun tattara sharuɗɗan cikin tambayoyi huɗu:

1. An cuci wani da gaske, har ya zama dole a kare shi?
2. Wa ya ba da izini, kuma an gwada wata hanya kafin makami?
3. Su wa ake bugawa, masu laifi ko duk wanda ke kusa?
4. In an gama an tafi, me za a bar wa mutanen wurin?

Afganistan a kan mudu

Ranar 11 ga Satumba 2001, mutum 19 na ƙungiyar Alƙa'ida suka sace jiragen sama huɗu a Amurka, suka kashe mutane kusan 3,000. Cikin matattun akwai Kirista, akwai Musulmi, akwai masu shara da masu dafa abinci da 'yan kwana-kwana. Shugaban ƙungiyar, Usama bin Laden, yana zaune a Afganistan, gwamnatin Taliban kuma ba ta miƙa shi ba. Kashegarin harin, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar da haƙƙin ƙasa ta kare kanta. Ranar 7 ga Oktoba Amurka da Ingila suka fara ruwan bama-bamai, kafin tsakiyar Nuwamba kuma Taliban ta gudu daga Kabul, babban birnin ƙasar.

A mudu na ɗaya, mu muna ganin yaƙin ya cika. An kashe marasa laifi, waɗanda suka shirya kisan suna da sansani, kuma sun nuna za su sake. A mudu na biyu ma yana da abin faɗi, ko da yake wasu na ganin an yi gaggawa, don ko wata guda ba a cika ba aka fara harbi.

A mudu na uku ne hatsi ya fara zubewa. Masu bincike na Jami'ar Brown a Amurka sun ƙiyasta cewa farar hula kimanin 46,000 suka mutu a yaƙin. Da yawansu Taliban ce ta kashe su, wannan gaskiya ne. Amma a watan Oktoba na 2015 jirgin yaƙin Amurka ya buga asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a garin Kunduz, mutum 42 suka mutu, har da marasa lafiya a kan gado. Ranar 29 ga Agusta 2021 kuma, ana saura kwana ɗaya sojojin su gama fita, jirgi marar matuƙi ya harbi wata mota a Kabul. Mai motar ma'aikacin agaji ne irinmu, abin da ya loda kuwa jarkokin ruwa ne. Mutum 10 suka mutu, 7 daga cikinsu yara. Daga baya Amurka ta amsa cewa kuskure ne. Duk gidan da aka yi wa haka, ba sai Taliban ta yi wa 'ya'yan gidan wa'azi ba kafin su bi ta.

Mudu na huɗu kuwa kowa ya gani da idonsa. An kashe Bin Laden a 2011, a Pakistan ma aka same shi, amma yaƙin ya ƙara shekara 10. An kashe kuɗi sama da dala tiriliyan 2. Sojojin Amurka sama da 2,400 sun mutu. An gina makarantu da asibitoci, 'yan mata miliyoyi sun shiga aji, kada mu hana wa yaƙin wannan. Amma gwamnatin da aka kafa ta jingina ne da kuɗin baƙo da bindigar baƙo, cin hanci kuma ya cinye ta kamar gara. Ranar 15 ga Agusta 2021 Taliban ta koma Kabul kusan ba faɗa, ta kuma hana 'yan mata wuce aji shida.

To, yaƙin daidai ne? Amsarmu ita ce, dalilin fara shi yana da ƙarfi, amma yadda aka tafi da shi da abin da ya bari bai cika mudu ba. A Luka sura 14, Ubangiji Yesu ya ba da misalin sarki da ke shirin yaƙi, wanda yakan zauna tukuna ya yi lissafi ko zai iya kai wa ƙarshe. Gaskiyar mutum a ranar farko ba ta wanke duk abin da ya yi cikin shekara 20.

Iraki da Mali a taƙaice

Yaƙin Iraki na 2003 tun a mudu na ɗaya ya faɗi. An ce Saddam Husaini yana da makaman ƙare-dangi, aka shiga ba da amincewar Kwamitin Sulhu ba, aka bincika ba a samu ba. Paparoma John Paul na Biyu da shugabannin ikilisiyoyi da yawa sun roƙa kada a yi. Ku lura da wannan: kafin yaƙin, Kiristan Iraki sun fi miliyan 1, zuriyar ikilisiyoyin da suka kafu tun ƙarnonin farko. Yau ƙiyasi ya nuna ba su kai 300,000 ba. Maƙwabta masu zafin kai suka riƙa kallonsu a matsayin mutanen Amurka, daga cikin hargitsin kuma ƙungiyar ISIS ta taso, ta kore su daga Mosul a 2014. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Mali ta fi kusa da mu. A Janairun 2013 gwamnatin ƙasar da kanta ta kira Faransa, cikin 'yan makonni aka ƙwato Gao da Tumbuktu, mutane suka fito suna murna. Wannan farkon ya cika mudu. Amma 'yan ta'addan sun watsu ne cikin daji, suka bazu zuwa Burkina Faso da Nijar. Sojojin Faransa suka bar Mali a 2022, suka bar Nijar a ƙarshen 2023, na Amurka kuma suka bar sansaninsu na Agadas a 2024. Baƙo raɓa ne. Talakan Tillaberi da Tawa shi aka bari da wutar.

Yadda ruwan ke iso mu

Wani zai ce, ina ruwanmu da Kabul? Mutanen Kwalkwalawa sun san amsar. A daminar 2010, ruwan da ya taso daga wajen Goronyo ya biyo gulbin Rima, ya cinye gonaki da gidaje, ya yanke hanyar da ta haɗa gari da jami'a. Ba mai albasar fadamar nan ne ya tara ruwan ba, amma gonarsa ya ci. Haka yaƙin nesa yake.

Kwana kaɗan bayan an fara jefa bama-bamai a Afganistan, a tsakiyar Oktoba 2001, zanga-zanga ta rikiɗe ta zama rikici a Kano. An kashe mutane da yawa, an ƙona majami'u da masallatai da shaguna. Babu ko ɗaya cikin matattun da aka yi shawara da shi a Washington ko a Kabul. An ɗauki faɗan wasu aka sa masa rigar addini, talaka ya kashe talaka.

Lakurawa ma ta iyakarmu da Nijar suka shigo. Rahotanni sun nuna cewa da farko wasu mutanen Tangaza da Gudu sun karɓe su ne don su kore musu ɓarayin shanu. Daga baya masu gadin suka zama masu karɓar haraji da kora dabbobi. Mutanen da aka matsa wa sukan yi maraba da duk wanda ya zo da bindiga yana cewa ceto ya kawo, sai daga baya a ga farashin.

Harin Kirsimeti na 2025

Shugaba Donald Trump ya ce ya kai harin ne saboda ana kashe Kirista. Gwamnatin Najeriya ta ce da saninta da haɗin kanta aka yi, kuma ba wani addini aka nufa ba. 'Yan ta'adda suna nan a dazuzzukan jihar nan, kare rai kuma wajibin hukuma ne, kamar yadda Romawa sura 13 ta nuna. Amma mudu na uku da na huɗu suna nan suna jira. A daren, wani ɓangare na makaman ya faɗa a fili kusa da garin Jabo a ƙaramar hukumar Tambuwal, mutane suka kwana a firgice. A Kirsimetin 2024 kuma, harin jirgin sojojinmu na gida ya yi sanadin mutuwar mutanen ƙauye kimanin 10 a ƙaramar hukumar Silame. Daga sama, mai jarka da mai bam kamanninsu ɗaya.

Saboda haka ba da ƙarar makami za mu auna wannan hari ba. Za mu auna shi da ko manomin Tangaza ya koma gonarsa, ko matar Sabon Birni ta kwana a ɗakinta, ko an buɗe makarantar da aka rufe. Mu kuma tuna cewa a jihar nan yawancin waɗanda 'yan bindiga suka kashe Musulmi ne. Mutane sama da 40 da aka kashe a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 maƙwabtanmu ne. Makoki ɗaya muke zaune.

Abin da ya rage namu

Na ɗaya, mu kiyaye bakinmu. Kada a ji wani cikinmu a kasuwa ko wurin mai shayi yana cewa “namu sun zo.” Jirgi zai koma inda ya fito, mu kuma da maƙwabcinmu rijiya ɗaya za mu ci gaba da sha. Iyayenmu mata, ku ja wa yara kunne a kan wannan.

Na biyu, matasa masu waya, kada ku tura hoto ko murya da ba ku san tushensu ba a WhatsApp da Facebook. A kawo wa fasto ko dattijo a bincika tukuna.

Na uku, kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu ko uku, har da mace, da za su riƙa zama da mai gari da liman. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hanyar da aka saba bi lokacin lafiya ita ake bi ranar tashin hankali.

Na huɗu, 'yan gudun hijira da suka sauka a ƙauyukanku, a ba su daga bankin hatsi bisa ga bukata. Ba ma tambayar mai yunwa addininsa, kuma ba za mu fara ba.

Na biyar, in hari ya taɓa marar laifi, ko daga wa ya fito, a rubuta rana da wuri da abin da aka rasa, a kawo mana, mu kai gaban shugabannin ikilisiya da hukuma. In kuka ga wani baƙon ƙarfe ya faɗo a gona, kada yaro ya taɓa, kada a kai wa 'yan gwangwan, a sanar da mai gari da jami'an tsaro.

Na shida, mu yi addu'a domin shugabanni da sojoji, domin waɗanda ke hannun 'yan bindiga, har da 'yan bindigar kansu su tuba, gama haka aka umarce mu. Addu'ar kuma ta tafi tare da neman haƙƙinmu: hanya, makaranta, asibiti, burtali da mashaya, da shari'ar gaskiya tsakanin manomi da makiyayi. Inda aka rasa waɗannan, nan ɗan ta'adda ke samun yaran da zai ɗauka.

Bayan cin abinci za mu rabu ƙungiya-ƙungiya, kowace ikilisiya ta faɗi abin da za ta fara da shi kafin damina. Allah ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya, ya kuma mai da kowa gida lafiya. Amin.