Yunwar ƙarfe 11 na dare: yadda na daina rushe abin da na wuni ina ginawa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau babu baƙo, ni ne zan tona asirin kaina. Tun da na ambaci cewa ina rage ƙiba, tambayar da ta fi shigo min ita ce: "Da rana ina iya daurewa, amma da dare fa? Ya kake yi da yunwar dare?" To ku gyara zama.

Waɗanda suka san ni sun san harkar shinkafa nake yi a nan Kura. In sayi shanshera, a turara, a shanya, a kai inji. Ina kuma da 'yar gona ta noman rani ta wajen Bunkure. In ka ji haka sai ka ɗauka aikin ƙarfi nake yi, alhali yara ne ke ɗaukar buhu, ni ina kan benci da waya da littafin lissafi. Wata rana muna awo, cikin wasa na hau sikelin da muke auna buhu. Kilo 104. Wani yaro ya ce, "Oga, ai ka fi buhun nauyi." Kowa ya kwashe da dariya, har da ni. Sati 2 bayan nan ciwon kai ya kai ni asibiti, aka gwada, aka ce jinina ya hau. Ga shi mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, hawan jini da ciwon suga ne suka kwantar da shi. Daga ranar dariyar ta ƙare.

Sai na sauke manhajar ƙirga kalori a waya. Ga wanda bai sani ba, kalori ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki ne. In abin da kake ci ya fi wanda jiki ke ƙonawa, rarar sai ta koma kitse. Ni kuma saboda gaggawa na yanka wa kaina kalori 1,200 a rana, ba tare da na tambayi kowa ba. Da safe ruwan bunu. Da rana loma kaɗan. Da magariba in ce wa maiɗakina na ƙoshi. Ina ta jin kaina gwarzo.

Amma da ƙarfe 11 ta buga, wallahi sai in zama wani mutum daban. An tashi daga gidan kallon ƙwallo, ga sanyi, ga teburin mai shayi a bakin titi yana ƙamshi. Ban san sanda ƙafata ke kai ni ba. Shi kuwa yana hango ni zai ce, "Alhaji, irin na kullum?" Irin na kullum ɗin nan, wata rana na zauna na lissafa shi. Ƙaramar Indomie ɗaya ta haura kalori 300, ni kuwa 2 ake dafa min. Ƙwai 2, kusan 150. Man soyawa, cokalin cin abinci ɗaya kusan 120 ne, kuma kun san mai shayi ba ya awo. Ga shayi mai kauri da madara da suga, ga biredi. Da na haɗa, abin ya doshi 1,500. A zama ɗaya! Wato abin da na ci cikin minti 20 ya fi abin da na ci tun asuba. Wata guda ina wannan wahala, na koma kan sikeli, ko kilo ɗaya bai tafi ba. Maiɗakina ta ce, "Maigida, wannan ai azumi kake yi mara lada, kana buɗa baki da tsakar dare."

Maganarta ta tsaya min a rai, amma a gona na gane bakin zaren. Duk ɗan yankin nan ya san yadda ruwanmu yake. Daga dam ɗin Tiga yake tasowa, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, ya biyo babban kanal, ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Kuma duk mai gona a ƙarshen layi ya san baƙin cikin nan: in na sama suka tare ruwa, kai sai dai ka kwana kana jira. Me ke biyo baya? Wanda aka hana ruwa da rana, shi ne ke zuwa da dare ya fasa gefen kanal. In ya fasa kuwa ba ya ɗibar daidai buƙatarsa, sai ruwa ya malale har gonar maƙwabci. Ina tsaye ina kallon wani wuri da aka fasa, na ce a raina, ai ni ne wannan. Na hana cikina rabonsa da rana, shi kuma yana fasa kanal da dare. Yunwar dare bashi ce da na ci tun safe.

To me na canza? Abu 4 ne.

Na farko, na daina rowa, na koma rabo. Na je na samu ma'aikaciyar lafiya, ta duba tsayina da nauyina da irin aikina, ta ce 1,200 ya yi min kaɗan ƙwarai. Muka tsaya a 2,200. Ka'idar da aka saba bayarwa ita ce ka rage kusan kalori 500 daga abin da jikinka ke buƙata a rana, hakan kan sauke wajen rabin kilo a mako. Ba sauri, amma ana isa. Sai na raba shi kamar yadda ake raba ruwa: 500 da safe, 750 da rana, 650 bayan magariba, sannan 300 na ajiye wa na ƙarshen layi, wato dare. Ku lura, wannan lissafina ne ni kaɗai. Mace mai kilo 70 ba za ta ɗauki nawa ba.

Wannan 300 ɗin shi ne sirrin. Tunda na san akwai rabona yana jira, in yunwa ta taso ƙarfe 10 ba na jin na yi laifi. A da kuwa da na karya doka da loma ɗaya sai in ce ai an riga an ɓata, bari a ƙarasa.

Na biyu, na canza abin da ke cikin kwanon dare. Mu mutanen shinkafa ne, ba wanda zai raba ni da ita. Amma kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kusan kalori 200 ne, kuma tsakani da Allah wa ke cin kofi ɗaya a Kura? Ga farar shinkafa da mai da yaji ba ta daɗewa a ciki. Abin da ke riƙe ciki shi ne furotin, irin su wake, ƙwai, kifi, awara, nono, sai kuma ganye. Yanzu rabin shinkafar da nake ci a da nake zubawa, in cike gurbin da wake da zogale ko kabeji. Kwanon bai rage cika ba, ido ya ƙoshi, ciki ma ya ƙoshi. Mai kuma da cokali ake zuba min. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na suga 4, shi ya sa mai ke cin mutum a ɓoye.

Na uku, na tanadi abin da zan ci kafin yunwar ta zo. In ka bari sai ta kama ka sannan za ka yi shawara, mai shayi ne zai yi maka ita. Mu da Allah ya ajiye a tsakiyar lambu, abin kunya ne a ce ba mu da zaɓi. Kokwamba giram 100 kalori 15 ne kacal. Tumatir bai kai 20 ba. Kankana 30. Dafaffen ƙwai ɗaya 75 zuwa 80. Ƙwai 2 da kokwamba babba da tumatir da ɗan yaji, ka ci ka ji ka ci abinci, kuma ba ka kai 250 ba. Ko kindirmo kofi ɗaya ba suga. Amma a yi hattara da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dabino. Suna da amfani, sai dai gyaɗa giram 100 ta haura kalori 550, kuma hira ɗaya ta isa ka gama da ita. Ranar da ban ruwan alkama ya kai ni dare a gona, da ƙwaina da kokwambata da fulas ɗin shayi mara suga nake tafiya, saboda na san hanyar dawowa ta gaban teburin nan take bi.

Akwai kuma ɗan gwajin da nake yi wa kaina. In na ji yunwa sai in ce: da za a miƙo min dafaffen wake zalla yanzu, zan ci? In amsar eh ce, yunwa ce ta gaskiya, sai in ci rabona. In kuwa zuciya ta ce a'a, Indomie ko tsire take so, to kwaɗayi ne, ko gajiya, ko zaman banza. Sai in sha ruwa, in ba shi minti 15. Sau da yawa wucewa yake.

Na huɗu, barci. Wannan ne na raina, ashe shi ne babba. A jiki akwai sinadarin da ke kiran yunwa, ana ce masa girelin, da wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi, leftin. A 2004 masana a Jami'ar Chicago ta Amurka sun gwada samari 12, suka bar su da barcin awa 4 kacal na dare 2. Mai kiran yunwar ya ƙaru da kashi 28 cikin 100, mai sanar da ƙoshi ya ragu da kashi 18, kuma abin da suka riƙa sha'awa shi ne zaƙi da gishiri da kayan fulawa. Ni da nake kaiwa ƙarfe 1 ina danna TikTok, kuma in tashi asuba, ai da hannuna nake kiran yunwar. Yanzu in ba ranar babban wasa ba, ƙarfe 10:30 waya na caji a falo, ni ina ɗaki. Mai barci ba ya zuwa wurin mai shayi.

Abin da ya fi min wuya ba cikin ba ne, majalisa ce. Abokai suka ce na zama Bature. Mai shayinmu ya ce, "Alhaji, ko na yi maka laifi ne?" Na ce ko kaɗan. Ban daina zama ba, hirar nake so. Sai dai yanzu irin na kullum ya koma ruwan bunu da citta, in da rabona ya rage a soya min ƙwai da albasa da mai kaɗan. Har ya saba, shi da kansa yake cewa yaronsa, "Kar ka zuba wa Alhaji suga."

Kar ku ɗauka ba na faɗuwa. Watan jiya an yi bikin ƙanina, na ci gurasa da balangu ƙarfe 12 na dare har na kasa sunkuyawa, ƙwannafi ya hana ni barci. Bambancin shi ne washegari ban hukunta kaina da yunwa ba. Na karya kumallo kamar kullum. Da na ce zan rama, da daren nan ma an sake fasa kanal.

Yau wata 5 ke nan, sikelin shinkafa ya ce 95. Buhu ya dawo ya fi ni. Jinin ma ya fara sauka, amma ina shan maganina, ina kuma komawa awo.

Kafin mu rufe, jan kunne. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, yunwar dare da rawar jiki da gumi na iya zama alamar suga ya faɗi, wannan ba wurin dauriya ba ne. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai gyambon ciki, da yaran da ba su gama girma ba, kada ku yanke wa kanku abinci sai kun ga likita. Kuma ƙannena mata da maza, in ƙirgar nan ta kai har kana tsoron abinci, ko kana ci a ɓoye kana jin kunyar kanka, ka ajiye manhajar ka nemi wanda za ka yi wa magana.

Aikin wannan makon ɗaya ne: daren da yunwa ta tashe ka, kar ka zagi kanka. Ɗauki biro ka rubuta abin da ka ci da safe da rana, da ƙarfe nawa ka kwanta jiya. Yi haka kwana 7, sannan ka zo ka ba mu labarin abin da ka gani.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba manomanmu albarkar rani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.